Rajistar aikin littafin Micheli du Crest, injiniyan ganuwar da ya auna duwatsu daga kurkuku

6 ga Oktoba, 2024

Yau na buɗe wannan rajista domin in riƙa ajiye bayanin inda aiki ya tsaya, saboda masu jiran littafin sun yawaita tambaya, kuma ni kaina ina bukatar abin da zai riƙa tuna mini da abin da na gama da wanda ya rage. Littafin ƙarami ne, na ɗaliban safiyo da zanen taswira, a kan rayuwar Jacques-Barthélemy Micheli du Crest, ɗan babban gida daga birnin Jeniba, wanda aka haifa ranar 28 ga Satumba, 1690, ya rasu ranar 29 ga Maris, 1766, a garin Zofingen. Hafsa ne a rundunar sarkin Faransa, injiniya ne masanin ginin ganuwa, mai zana taswira da ƙera ma'aunin zafi, kuma fursunan siyasa ne da ya yi shekaru 16 a jere a kulle kafin rasuwarsa.

Aikin kashi biyu ne. Akwai rubuta tarihin, akwai kuma gwada hanyar awon da ya bi a kurkuku da irin kayan da ya samu, domin ba na son in koya wa ɗalibi hanyar da hannuna bai taɓa ba. Na daɗe ina aikin safiyo kafin in yi ritaya, kuma tun ranar da na ji cewa wani mutum ya auna tsayin duwatsun da ke nesa da shi da kusan kilomita 90 da indararo cike da ruwa da sanda ɗaya, zuciyata ba ta bar maganar ba.

Akwai gyara guda da zan sa tun a shafin farko. A zamanin Micheli, Jeniba jamhuriya ce mai cin gashin kanta, ƙawar biranen Bern da Zurich, kuma ba ta shiga tarayyar Suwizalan ba sai a 1815. Ana lissafa shi cikin mutanen Suwizalan a yau, amma shi ɗan Jeniba ya ɗauki kansa, kuma duk wahalar da ya sha daga wannan ɗaukar ta samo asali.

19 ga Oktoba, 2024

Na gama babin asali. Iyalan Micheli mutanen Lucca ne a Italiya, sun yi hijira zuwa Jeniba a tsakiyar ƙarni na 16 saboda sun bi ɗariƙar Furotesta, kamar wasu gidajen attajiran Lucca da suka zauna a birnin suka zama manyansa. A 1637 suka mallaki gidan Crest da ƙasar da ke kewaye da shi a ƙauyen Jussy, kuma daga nan sunan ya samu ƙarin da yake ɗauke da shi. Gidan yana hannun zuriyar har yau.

Na ɓata kwana biyu a kan kalmar da zan kira matsayinsa da ita. Basarake ta yi nauyi, domin Jeniba ba ta da sarki. Attajiri kuwa ta yi sauƙi, domin mai gidan Crest yana da haƙƙoƙi a kan ƙasar da attajirin kasuwa ba shi da su. Na tsaya a kan ɗan babban gida, sannan na yi bayani a sakin layi ɗaya cewa gidaje ƙalilan ne ke juya mulkin birnin a tsakaninsu, kuma nasa yana cikinsu. Wannan bayani wajibi ne, domin mai karatu ya gane cewa mutumin da daga baya ya tsaya wa talakawan 'yan birni daga cikin masu cin moriyar tsarin ya fito.

Aikin soja a ƙasar waje kuma sana'ar gado ce a irin waɗannan gidaje. Sarakunan Faransa sun daɗe suna ɗaukar rundunonin mutanen Suwizalan da ƙawayensu, kuma Micheli ya shiga wannan aiki yana saurayi, a lokacin yaƙin gadon sarautar Sifaniya da aka yi daga 1701 zuwa 1714, ya zama kyaftin yana da shekara 20 da 'yan kai. A garuruwan kan iyakar Faransa ya ga ganuwoyin da Vauban ya gina, babban injiniyan da ya rasu a 1707, ya zauna a cikinsu, ya karanci tsarinsu da idon wanda zai tsare su da ransa.

9 ga Nuwamba, 2024

Mako uku ke nan ina kan babin ganuwar Jeniba, kuma shi ne zuciyar littafin, don haka ban yi gaggawa ba.

Sai da na fara bayyana wa ɗalibi abin da igwa ta yi wa tsohuwar ganuwa. Doguwar katanga miƙaƙƙiya tana maganin mai tsani da mai kibiya, amma ga igwa ita ce abin hari mafi sauƙi. Saboda haka injiniyoyin Turai suka koma gina ganuwa gajera mai kauri, cike da ƙasa, mai kusurwoyi masu tsini da ke fitowa waje kamar tauraro, ta yadda duk fuskar da maƙiyi ya tunkara akwai wata kusurwa da za ta yi masa ruwan wuta daga gefe. A gabanta akwai gwalalo mai faɗi, a gaban gwalalon akwai ƙananan shingaye, sannan fili mai gangara da aka share shi ƙal, babu gida babu bishiya. Irin wannan gini yana cin ƙasa, yana cin kuɗi, yana kuma bukatar sojoji masu yawa da za su cika kowace kusurwa.

Jeniba tana da dalilin tsoro. Faransa tana gefe ɗaya, ƙasar Savoy tana ɗaya gefen, kuma a daren 11 zuwa 12 ga Disamba, 1602, sojojin sarkin Savoy sun jingina tsani a jikin ganuwar cikin duhu suka kusa cin birnin. Har yau mutanen garin suna bikin tunawa da wannan dare da sunan Escalade. Don haka a shekarun farko na ƙarni na 18 hukumar birnin ta amince da babban tsarin sabuwar ganuwa wanda injiniya Le Vasseur des Roques ya zana, mutumin da ke aiki a Holan, aka kuma ɗora wa Pradès de la Ramière kula da ginin. Birnin da mutanensa ba su wuce kimanin 20,000 ba ya ɗauki aikin da ya fi dacewa da baitulmalin babbar masarauta, kuma a 1715 Majalisar Ɗari Biyu, ɗaya daga majalisun da ke mulkin birnin, ta ƙaƙaba sababbin haraji domin biyan kuɗin, ba tare da ta kai maganar gaban babban taron 'yan birni ba.

Micheli ya shiga Majalisar Ɗari Biyu a 1721. Kafin ya yi suka, sai da ya yi awo, kuma wannan ne ya sa nake girmama shi a matsayin ɗan sana'a. A ƙarƙashin kulawarsa Jean-Michel Billon ya zana taswirar birnin ta 1726, gida bayan gida, fili bayan fili, wadda masu binciken tarihin Jeniba ke dogaro da ita har yanzu, shi kuma ya zana taswirar karkarar da ke kewaye da birnin. Wanda ya san ƙasa haka shi ne ya ce tsarin bai yi ba. Hujjarsa ita ce ganuwar ta matse birnin ta hana shi faɗaɗa, ta bar tuddan da ke kallonsa a waje inda maƙiyi zai girke igwa, kuma kuɗin da ake zubawa ya fi tsaron da za a samu. Ya kawo nasa tsarin, wanda zai shigo da tuddan ciki, ya buɗe sababbin unguwanni da za a sayar da filayensu a rage nauyin ginin.

Majalisar ba ta saurare shi ba. A 1728, yana bakin aikinsa na soja, ya buga takardar sukarsa a Strasbourg ya aika da ita Jeniba. A nan na tsaya na yi dogon tunani, domin adalci ya sa in faɗi cewa hukumar tana da abin kamawa: takardar da ke lissafa raunin ganuwar birni, an kuma buga ta a ƙasar maƙwabcin da ake tsoro, abu ne da kowace gwamnati za ta ɗauka da zafi. Akwai ma shaida cewa tsoron nasu ba na banza ba ne, domin Jean-Jacques Rousseau, wanda kawunsa Gabriel Bernard ya yi aikin injiniya a wannan ganuwa, ya ba da labarin cewa ya tsinci kwafen takardar cikin takardun kawun nasa, ya kuma miƙa ta ga wani jami'in gwamnatin Savoy a Chambéry. Zan sa wannan a littafin yadda yake, ko da yake yana rage wa gwarzona kwarjini.

24 ga Nuwamba, 2024

Babin hukunci ya kammala. A 1730 aka kore shi daga majalisa, aka tuɓe masa haƙƙin zama ɗan birni, aka ƙwace dukiyarsa. A 1731 aka yanke masa ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. A 1735 aka yanke masa hukuncin kisa, kuma da yake hannu bai kai gare shi ba, sai aka zartar da hukuncin a kan wata siffa da aka yi a madadinsa a bainar jama'a.

Abin da nake son ɗalibi ya gani shi ne yadda tambaya ɗaya ta haifi ɗaya. Micheli ya fara da tambayar injiniya, wato ina ya kamata ganuwa ta bi. Daga nan ya koma kan nawa za ta ci, sannan wa zai biya, sannan wa ke da ikon sa mutane su biya. Da aka hukunta shi sai ya ce yana ɗaukaka ƙara zuwa babban taron 'yan birni, wanda ke da mutum kimanin 1,500, domin a ganinsa wannan taro ne mai cikakken iko, kuma Ƙaramar Majalisa mai mutum 25 da ta Ɗari Biyu wakilansa ne kawai. Wannan magana ta fi sukar ganuwa haɗari nesa ba kusa ba, domin a 1707 an harbe lauya Pierre Fatio a birnin a kan irinta, shi ma ɗan babban gida.

Kuma ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. A 1734 'yan birni suka kai ƙorafi a kan harajin ganuwa, aka gano cewa hukuma ta toshe bakin wasu igwoyi a asirce don kada jama'a su yi amfani da su, gari ya yamutse, aka kori wasu manya, ciki har da Jean Trembley. A watan Agusta na 1737 aka zubar da jini a titunan birnin, har sai da Faransa da Bern da Zurich suka shiga tsakani, kuma sulhun 1738 ya tabbatar wa babban taron ikon amincewa da sabon haraji. Abin da Micheli ya nema ke nan, ko da dai ba dukkansa ba, amma shi bai koma gida ba. A shekarar ce kuma ya bar aikin sojan Faransa.

Ra'ayina, wanda zan rubuta a fili, shi ne yana da gaskiya a kan ikon haraji, kuma hukuncin da aka yi masa ya wuce laifinsa ƙwarai. Amma mutum ne mai taurin kai wanda bai iya sassauta harshe ba, yana rubuta takarda bayan takarda a lokacin da shiru na wata shida zai iya buɗe masa ƙofa. Halin da ya sa ya ƙi rufe baki a kan kuskuren ganuwa shi ne ya sa abokansa suka gaji da shi, kuma zan sake cin karo da wannan hali a babin awo.

8 ga Disamba, 2024

Na ba da aikin indararo. Wanda Micheli ya yi amfani da shi irin dogon nan ne da ke bin bakin rufi, tsawonsa kusan mita 8, don haka na je wurin mai aikin kwano a unguwarmu da zane a hannuna. Ya duba ya ce, "Baba, indararon da aka toshe bakinsa biyu ina ruwan zai bi?" Na ce masa, "Malam, ruwan nan ba a so ya tafi ko'ina, kwanciyarsa ake so." Da na kawo masa misalin tiyon ruwa da magina ke ɗaukar lebur da shi, sai ya gane nan take, ya kuma ba ni shawarar da ban yi tunaninta ba: a yi shi gida huɗu a haɗa da dalma, a ɗora a kan katako mai kauri, domin kwano mai wannan tsawo zai lotsa a tsakiya idan ruwa ya cika shi.

22 ga Disamba, 2024

Babin ma'aunin zafi ya zo da sauƙi, kuma na ji daɗin rubuta shi. Bayan ya ajiye kaki, Micheli ya zauna a Faris ya shiga harkar masana kimiyya. Matsalar zamanin ita ce kowane mai ƙera ma'auni da nasa lissafin. Fahrenheit yana da nasa, Réaumur ya fito da nasa a 1730, Celsius kuma a 1742, ta yadda mutum biyu a garuruwa biyu ba za su iya kwatanta sanyin rana ɗaya ba. A 1741 Micheli ya buga bayanin ma'aunin da ya yi fatan duniya duka za ta bi. Ya yi amfani da ruwan barasa a cikin bututun gilashi, ya sa 100 a inda ruwa ke tafasa, sifili kuwa ya sa shi a zafin ramukan da ke ƙarƙashin gidan duban taurari na Faris, zurfin mita 28, inda zafi ke tsaye kusa da digiri 12 na ma'aunin yau, rani da damina.

Ya zaɓi wannan ne saboda ya ɗauka cewa cikin ƙasa zafi ɗaya ne a ko'ina a duniya. A nan ya yi kuskure, kuma ɗalibina ba ya bukatar littafi kafin ya gane, domin duk wanda ya ja guga daga rijiya mai zurfi da asubar hunturu a ƙasarmu ya san ruwan yana fitowa da ɗumi. Zafin cikin ƙasa yana bin matsakaicin zafin shekara na wurin ne, a Faris kusan digiri 12, a wurarenmu ya haura 25. Sifilin Micheli na Faris ne kawai. Duk da haka ma'aunansa sun yi suna wajen kyawun ƙira da daidaito tsakanin ɗaya da ɗaya, kuma an daɗe ana aiki da su a Suwizalan.

12 ga Janairu, 2025

Indararo ya iso, an girka shi a saman soro, amma hazo ya rufe komai. Dutsen da na zaɓa don gwaji yana da nisan kimanin kilomita 20 daga gidana, tsayinsa yana rubuce a taswirar safiyo, kuma tun makon jiya ko inuwarsa ba a gani. Na ɗage gwajin zuwa faɗuwar ruwan farko.

Na yi amfani da jiran na rubuta babin kamu. An kama shi a 1746 a Neuchâtel, wadda a lokacin take ƙarƙashin sarkin Prussia, aka kai shi hannun gwamnatin Bern ta tsare shi. A 1749 aka bankaɗo shirin wasu 'yan birnin Bern na kifar da mulkin manyan gidaje, ƙarƙashin Samuel Henzi, wanda aka fille wa kai ranar 17 ga Yuli na shekarar tare da mutum biyu. Sunan Micheli ya fito a binciken, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Aarburg, yana da shekara kusan 59.

Aarburg sansani ne da Bern ta gina tsakanin 1659 da 1673 a kan wani dogon dutse da ke bakin kogin Aare, a inda ƙasarta ta tsuke. Ke nan injiniyan ganuwa ya ƙare a cikin ganuwa irin wadda ya san kowace kusurwarta. Na rubuta wannan jimla na goge ta sau biyu don gudun kada ta zama ado, daga baya na bar ta, domin haka abin ya faru.

16 ga Fabrairu, 2025

Wata guda na yi a kan lissafi, ni da ɗan ƙanena da ke karatun safiyo, kuma yanzu na fahimci zanen duwatsun da Micheli ya yi a kurkuku fiye da da.

Daga Aarburg, idan sama ta washe, ana hango jerin duwatsun Alps masu ƙanƙara a kudu. Micheli ba shi da na'urar awon kusurwa. Sai ya shimfiɗa indararo ya cika shi da ruwa, fuskar ruwan ta ba shi layin lebur, ya kafa sanda a tsaye a ɗaya bakin, ya sa ido a wannan bakin ya hangi kan dutse, aka yi alama a inda layin ganinsa ya ratsa sandar. Tsayin alamar a kan ruwa, idan aka raba shi da tsawon indararo aka ninka da nisan dutsen, shi ne tsayin dutsen a kan layin lebur. Sai a ƙara abin da lanƙwasar duniya ta ɓoye, a ƙara tsayin wurin da ake tsaye. Ya yi zanen a 1754, Tobias Conrad Lotter ya sassaƙa shi a farantin bugu a Augsburg, ya fito a 1755, kuma shi ake ɗauka a matsayin zanen farko na jerin duwatsun Alps da aka gina a kan awo.

Mun ɗauki Finsteraarhorn a matsayin misali, tsayinsa mita 4274, nisansa daga Aarburg kusan kilomita 90. A wannan nisa lanƙwasar duniya tana haɗiye kimanin mita 636, kuma duk dutsen nan yana bayyana a jikin sanda da tsayin da bai kai santimita 30 ba. Kuskuren milimita ɗaya a sandar yana zama mita 11 a kan dutse. Wannan bai ba ni tsoro ba, domin mita 11 cikin 4274 ba komai ba ne ga mutumin da ke aiki da indararo.

Babbar matsalarsa nisa ce. Bai iya fita ya auna ba, sai ya ɗauko nisan daga taswirar Johann Jakob Scheuchzer ta 1712, wadda ita ce mafi shahara a lokacin amma tana da manyan kurakurai a yankin duwatsu. Mun lissafa cewa kuskuren kilomita 5 a nisan yana sauya tsayin da kimanin mita 250. Ƙari a kan haka, bai san sunayen duwatsun da yake gani ba. Ya yi ta rubuta wa masani Albrecht von Haller wasiƙu yana tambaya, amma yawancin sunayen da ya sa a zanen ba su faɗa kan duwatsunsu ba, kuma idan suna ya kauce to nisan da aka ɗauko daga taswira na wani dutse ne dabam. Idonsa ya ga daidai, zanen siffar duwatsun ma ana iya gane shi a yau, amma lambobin tsayin sun tafi.

Saura lanƙwasar haske. Hasken da ke tahowa daga nesa yana ɗan lanƙwasowa a cikin iska, yana sa dutse ya bayyana sama da inda yake, kuma ma'aikatan safiyo suna rage kimanin kashi 13 cikin 100 na lanƙwasar duniya saboda haka. A nisan kilomita 90 wannan ya kai mita 83. Micheli bai sa shi a lissafi ba. Ɗan ƙanena ya ce, "Baba, ai wannan ganganci ne." Na ce masa ya dakata sai mun hau soro tukuna.

25 ga Mayu, 2025

An yi ruwa daren jiya, da safe dutsen ya fito sarai kamar an wanke shi. Mun yi awon farko.

Abubuwan da takarda ba ta faɗa mini ba sun fi waɗanda ta faɗa. Iska kaɗan tana sa fuskar ruwan rawa, sai an jira ta lafa. Ruwa yana ɗan hawa jikin kwano a gefe, don haka sai mun sa ƙananan katakai masu kauri ɗaya suna iyo a bakin biyu, muka riƙa ɗaukar awo daga samansu. Ido kuma ba ya iya kallon sanda a mita 8 da dutse a kilomita 20 a lokaci ɗaya, dole ɗaya ya dushe. Ɗaya daga cikin haɗin dalmar ya yi yoyo, muka toshe shi da ƙaro. Mun maimaita awon sau da yawa muna musayar wuri, kuma bambancin alamominmu ya kai milimita 3 zuwa 4, wato kusan mita 10 a wannan nisa. Tsayin da muka samu ya faɗa cikin wannan tazara idan aka kwatanta da na taswira.

Hanyar tana aiki, in dai an san nisa. Na sauko daga soro ina tunanin dattijo mai shekara 64, a ƙasar sanyi, yana durƙushe a bakin indararo yana jiran gajimare ya yaye daga kan duwatsun da bai san sunayensu ba.

15 ga Yuni, 2025

Sau uku muka gwada awo da sassafe da kuma tsakar rana, don mu ga ko indararo zai nuna lanƙwasar haske. A nisan kilomita 20 lanƙwasar duniya mita 31 ce, ta haske kuma kimanin mita 4, wato ƙasa da milimita 2 a jikin sanda, abin da ya ɓace cikin rawar hannunmu. Ko a nisan Micheli, mita 83 ɗin nan milimita 7 ne kawai a sanda, kuma ba shi da wani dutse mai sanannen tsayi da zai gwada sakamakonsa da shi. Kayan aikinsa ba za su iya nuna masa kuskuren ba. Ɗan ƙanena ya janye kalmar ganganci, ni kuma na riƙe rabin zargin, domin masana taurari na zamaninsa sun san haske yana lanƙwasa a iska, kuma mutumin da ya zauna da masanan Faris ya ji maganar. Na sake rubuta wannan sashe da hujjojin biyu, na bar ɗalibi ya auna.

29 ga Yuni, 2025

Babin ƙarshe yana hannu. A 1754, daga ɗakinsa na kurkuku, Micheli ya gabatar da shawarar a auna Suwizalan duka da hanyar alwatika: a auna dogon layi ɗaya a fili da matuƙar kulawa, a ɗora jerin alwatika a kansa daga dutse zuwa dutse, sannan a cike bayanan ƙasa a tsakani. Shi ya fi kowa sanin bukatar hakan, tun da rashin ingantacciyar taswira ne ya ɓata masa awonsa. Ba a karɓi shawarar ba. An sake shi a ƙarshen 1765, lafiyarsa ta riga ta ƙare, aka kai shi Zofingen kusa da Aarburg, ya rasu bayan 'yan watanni yana da shekara 75.

Aikin da ya nema wani injiniyan soja ɗan Jeniba ne ya yi shi, Guillaume-Henri Dufour, wanda taswirarsa mai shafi 25 ta fito tsakanin 1845 da 1865, a kan layin tushe na kimanin kilomita 13 da aka auna a 1834. Ganuwar da aka kore shi dominta kuma an fara rushe ta daga 1849 a zamanin James Fazy, jagoran gwamnatin Jeniba na lokacin, aka gina unguwanni a filinta. Na yi niyyar kada in ja wannan ya zama hujjar cewa Micheli ya yi daidai a komai, domin igwar 1849 ba ta 1728 ba ce, kuma dalilan rushewar na zamaninsu ne.

Abin da ya rage shi ne zane uku: tsarin kusurwar ganuwa, indararo da sandarsa, da layin lanƙwasar duniya da na haske a hoto ɗaya. Akwai kuma jerin kalmomin sana'a da zan kai wa tsofaffin abokan aikina biyu su duba, musamman alwatika da lebur da layin tushe, don in tabbatar su ne ɗalibai ke ji a aji. Indararon zan bar shi a soro har ƙarshen damina, saboda ina so in ƙara awo daga wani dutse mai nisan da ya ninka na farko, kuma ɗan ƙanena zai je ya tabbatar da nisan da na'urarsa a makon gobe.